Bafulatanin da Ya Yi Magajin Garin Inugu, da Katin Zaɓen da Aka Baro a Gida

Rubutun yau yana da tsawo, wanda data ɗinsa ya kusa ƙarewa ya adana shi har ya shiga laburare.

Daren Juma'ar da ta wuce muna zaune wajen mai shayin bayan hostel aka ɓarke da gardama kan zaɓen ƙungiyar ɗalibai. Wani ƙanenmu ɗan aji uku ya ce shi wallahi ba zai zaɓi wane ba, don ba ɗan jiha ba ne. Yaron da ake maganar nan a garin nan aka haife shi, a nan ya yi firamare da sakandare, Hausarsa ta fi ta wasunmu fita. Laifinsa kawai takardar shaidar asalinsa ta wata jiha ce. Na ce da ƙanen namu, ka taɓa jin sunan Umaru Altine? Ya ce ai ya sha ganin hotonsa a Facebook, wanda ake sakawa duk lokacin da aka fara zage-zage tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu. Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma gaskiya ni ma iyakar abin da na sani ke nan kafin bautar ƙasa ta kai ni Inugu, kafin kuma in zaɓi siyasar unguwannin Hausawa na Gabas a matsayin abin da zan rubuta kundin digirina na biyu a kai. To bari in ɗan buɗe muku abin da na tara zuwa yanzu.

Mu fara da yadda mutanenmu suka je can. Anacha ita ce tsohuwa a cikin garuruwan uku. Tun kafin Turawa su kafa mulki kogin Kwara yake haɗa ta da Ida da Lakwaja da ƙasar Nufe, kuma fatake Nufawa da Hausawa suna saukowa bakin ruwanta. Farautar giwa don hauren ta kai wasu maharban Hausawa har cikin ƙasar Ikwerre, shi ya sa garin Elele da ke Jihar Ribas yake da tsohuwar unguwar Hausawa wadda ta girmi Fatakwal ɗin kanta. Inugu da Fatakwal kuwa 'ya'yan kwal ne da jirgin ƙasa. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi. Turawa suka nemi tashar ruwan da za su riƙa fitar da shi, suka yanki fili a ƙasar Ikwerre da Okrika, a 1913 aka raɗa wa wurin sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila. A 1916 layin dogo ya haɗa garuruwan biyu. Da aka miƙa layin zuwa Arewa, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, shanun da a da ake korowa da ƙafa suka fara hawa tarago. Mahauta, dillalai, masu wake da albasa da busasshen kifi, malamai da almajiransu, duk suka biyo. Ibo suna ce wa irin wannan unguwa Ama Awusa, kasuwar shanu kuma Gariki, kalmar da kunnen Bahaushe ba zai kasa jin garke a cikinta ba.

Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne, a Inugu da Fatakwal na wancan zamani kusan kowa baƙo ne. Akawu ɗan Anacha, lebura ɗan Owerri, ɗan kasuwa daga Nnewi, Bayarabe mai hoto, Bahaushe mai shanu, duk albashin kwal da na reluwe ne ya tara su. Magajin garin Fatakwal na farko a 1956, Richard Nzimiro, mutumin Oguta ne, ba ɗan Ikwerre ba ne, ba ɗan Okrika ba.

Sai siyasar matasa. A 1946 wasu samari masu zafin kai suka kafa ƙungiyar Zikist, mabiya ra'ayin Nnamdi Azikiwe, waɗanda suke ganin tsofaffin NCNC suna jan ƙafa. Da yawa ba su sani ba, ɗaya daga cikin shugabanninta ɗan Arewa ne, Raji Abdallah, wanda a Kano ya yi aiki, shi ne kuma ya jagoranci kafa NEPA a 1946, wadda ta share wa NEPU hanya. Turawa sun ɗaure shi kan laifin tunzura jama'a. Sa'adu Zungur ma ya riƙe sakataren NCNC a Legas. Shi Zik ɗin a Zungeru aka haife shi a 1904, Hausa ya fara ji yana yaro. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta kan ma'aikatan kwal masu yajin aiki a Iva Valley da ke Inugu, suka kashe 21. Zanga-zanga ta tashi a Aba da Anacha da Fatakwal da Kalaba. A watan Afrilun 1950 gwamnati ta haramta ƙungiyar Zikist, mutanenta da yawa suka koma reshen matasan NCNC.

A wannan reshen Malam Umaru Altine ya taso. Bafulatani ne daga Sifawa a lardin Sakkwato, dillalin shanu, ya auri 'yar Ibo, ya zama shugaban matasan NCNC na Inugu. Ku ɗan tsaya a nan. Ba sarautar Sarkin Hausawa ya nema ba, wadda ita ce ƙofar da baƙo ɗan Arewa ya saba bi. Ya shiga jam'iyyar da ke mulkin garin ta ƙofar samari, inda ake auna mutum da yawan taron da ya halarta da yawan mutanen da zai iya tarawa. Kuma ya yi sa'ar zamani. Dokar ƙananan hukumomi ta 1950 ta sa Jihar Gabas ta riga kowa a Najeriya kafa majalisun zaɓe irin na Ingila, inda unguwanni ke zaɓen kansiloli, kansiloli su fitar da shugaba a cikinsu. A daidai lokacin mu a Arewa En'e ce ke riƙe da komai, kuma ɗan NEPU da ya hau teburi ya yi lacca ba tare da izini ba yana iya kwana a gidan yari. Hotunan da ke yawo suna rubuta 1952 zuwa 1958, amma sai a 1956 Inugu ta samu matsayin birni mai magajin gari, a shekarar ne Altine ya zama na farko, ya riƙe har 1958.

Yanzu ga inda nake rabuwa da masu saka hoton. Masu sakawa daga can suna cewa ku ga irin karamcinmu, ku kuma me kuka taɓa ba mu? Masu sakawa daga nan suna cewa ku ga yadda muke da farin jini tun da can. Dukansu sun tsallake siyasar da ke ciki. Inugu ta shekarun 1950 tana fama da rikici tsakanin Ibo da Ibo. A gefe guda akwai masu ƙasa, mutanen Udi da Nsukka da Awgu, waɗanda ake kira Wawa (kada ku yi dariya, ba wawan Hausa ba ne, daga kalmarsu ta "a'a" aka samo sunan). Su ne ke shiga rami su haƙo kwal. A ɗaya gefen akwai Ibon da suka zo daga Anacha da Awka da Owerri, waɗanda suka riga su boko, suka riƙe aikin ofis da filaye da shaguna. Richard Sklar ya yi bayanin wannan takun-saƙa a littafinsa na 1963 kan jam'iyyun siyasar Najeriya, ya kuma nuna akwai irinta a Anacha tsakanin 'yan asalin gari da sauran Ibo mazauna. A karatuna, wannan ɓaraka ce ta buɗe wa Altine hanya. Mutumin da ba ya cikin kowane ɓangare, amma yana da tushe a jam'iyya da samari a bayansa, ya fi sauƙin karɓa a wajen kowa fiye da ɗan ɓangaren hamayya. Ni wannan bai rage masa daraja a idona ba, ƙara masa ma ya yi. Kyauta ana iya ba kowa. Shi karanta garin ya yi kamar ɗan gari, ya san wa ke faɗa da wa, ya san inda ƙuri'a take.

Akwai kuma abin da ya taimaka daga sama. Tun 1954 NEPU ta Malam Aminu Kano take ƙawance da NCNC, don haka saurayi Bahaushe mai ra'ayin sawaba da ke zaune a Anacha ko Fatakwal yana da gida a jam'iyyar garin ba tare da ya ji ya ci amanar kowa ba. Dattawan unguwa da manyan dillalai, waɗanda cinikinsu ke rataye da sarakuna da En'e na gida, hankalinsu ya fi kwanciya da NPC. Wato rabuwar da ke Fagge da Tudun Wada ita ce ta bi jirgi ta sauka can. Abner Cohen ya rubuta irin wannan labari game da Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, yadda siyasar jam'iyyu ta girgiza ikon Sarkin Sabo. Gabas ba ta samu mai rubuta mata irin wannan littafi da ya yi suna kamarsa ba, shi ya sa muke ta maimaita hoto ɗaya.

Ga wani abu don 'yan uwanmu mata. Jihar Gabas ta ba kowane baligi, mace da namiji, 'yancin ƙuri'a tun zaɓen tarayya na 1954. A Arewa maza kaɗai suka yi zaɓen 1959 da na 1964, mata sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979. Ke nan a doka, Bahaushiya mai tuwo-tuwo a Anacha ta riga yayarta da ke Kano samun ƙuri'a da shekara ashirin da ɗoriya, a lokacin da Hajiya Gambo Sawaba ke shan ɗauri kan neman wannan haƙƙi. Shekarun zaɓe kuma 21 ne a lokacin. Tsarin mulkin 1979 ne ya sauko da su 18.

Sai 1966 ta zo ta rusa komai. Ba zan ja wannan ba, kun san jerin: juyin mulkin 15 ga Janairu da kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, doka mai lamba 34 a watan Mayu, juyin mulkin 29 ga Yuli, sannan kashe-kashen Satumba da Oktoba. Dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci, dubban mutanen Gabas aka kashe a garuruwanmu. An kashe 'yan Arewa a Gabas su ma, kuma labarin da aka ji a rediyo cewa ana kashe su yana cikin abin da ya hura wutar ƙarshen Satumba. A watan Oktoba Ojukwu, wanda shi ma haifaffen Zungeru ne kuma a Kano yake riƙe da bataliya ta 5 lokacin juyin mulkin farko, ya umarci waɗanda ba 'yan Gabas ba su fice, ya ce ba zai iya lamunce tsaronsu ba. Unguwannin da suka shekara hamsin, wasu fiye, suka watse cikin makonni. Jiragen da suka kawo shanu su ne suka kwashe masu shanun. Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya a Oktoban 1967, Anacha a Maris 1968, Fatakwal a Mayu, yaƙi ya ƙare Janairun 1970.

Mutanenmu sun koma bayan yaƙi, amma da wani irin zama daban. Wanda ya taɓa gudu da kayan jikinsa kaɗai ba ya saurin gina gidan siminti. Da yawa suka bar iyali a gida, suka koma zaman ci-rani mai tsawo: a yi wata takwas ko goma, a dawo da damina ko da Sallah. Siyasa kuma ta bi iyali. Sannan ƙasar kanta ta canza. An yi jihohi 12 a 1967, Ribas a ciki, aka yi ta ƙari har tsohuwar Anambra ta rabu a 1991, Wawa suka samu Jihar Inugu da suka daɗe suna nema. Kowace sabuwar jiha tana zuwa da sabon ma'anar ɗan ƙasa da baƙo. Ibo da kansu sun ɗanɗana a Fatakwal, inda aka kira gidajen da suka bari lokacin yaƙi dukiyar da aka yasar, da yawa ba su sake shiga gidajensu ba. In Ibo ɗan Owerri ya zama baƙo a Fatakwal, ina ga ɗan Haɗejia?

Abin mamaki shi ne a sama ƙawancen bai mutu ba. A 1979 Shagari ya ɗauki Alex Ekwueme, Zik ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, Malam Aminu ya ɗauki S. G. Ikoku. Chinua Achebe ya shiga PRP har ya zama mataimakin shugabanta na ƙasa. Ribas ta ba NPN gagarumin rinjaye, abin da ke da tushe tun 1959 lokacin da jam'iyyar Niger Delta Congress ta ƙulla da NPC don tsoron danniyar NCNC. Manya suna ta raba muƙamai tsakanin Arewa da Gabas. A ƙasa kuwa, a matakin kansila da ciyaman, inda ake yanke hukuncin wa zai samu rumfa a kasuwa da wace unguwa za a rushe, ƙofar da Altine ya bi ta rufe.

Ku sani fa, ba doka ce ta rufe ta ba. Sashe na 77 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa mai shekara 18 damar rajista, dokar zaɓe kuma ta ce mutum ya yi rajista inda yake zaune ko yake aiki ko ya fito. Ku duba sashe na 106 da na 177, sharuɗɗan takarar majalisar jiha da gwamna, babu inda aka ce sai ɗan asalin jiha. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali. Amma kundin nan dai shi ne ya ce a sashe na 147 dole a naɗa minista ɗan asalin kowace jiha, kuma takardar asali ita ce mabuɗin gurbin karatu da tallafi da aikin gwamnati. Hannu ɗaya ya ba ka, ɗayan ya karɓe. Kuma inda mutane suka tsaya suka yi rajista da yawa an ga sakamako: a 2015 mazaɓun Amuwo-Odofin da Ajeromi-Ifelodun da Oshodi-Isolo a Legas sun tura waɗanda ba Yarabawa ba majalisar wakilai.

To me ya hana samarinmu na Gabas yin haka? Amsar farko tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. A Fabrairun 2000 rikicin Kaduna ya jawo ramuwa a Aba. A Fabrairun 2006 aka kashe mutane a Maiduguri kan zanen ɓatancin da aka yi a Denmark, kwana uku bayan nan aka far wa Hausawan Anacha, aka kashe gomman mutane, aka ƙona masallatai, dubbai suka fake a barikin soja ko suka tsallaka gada zuwa Asaba. Bayan zaɓen Afrilun 2011 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, har da masu bautar ƙasa da suka yi aikin zaɓe a Bauchi. Ranar 6 ga Yuni 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka tsaya a Kaduna suka ba Ibo wa'adin 1 ga Oktoba su bar Arewa. Na tuna yadda wasunmu suka yi ta tafi a lokacin, muna ajin farko-farko. Babu wanda ya tambayi mai sayar da albasa a Anacha ko mai gadi a Diobu ko ya yarda a yi wannan magana da sunansa, alhali shi ne zai kwana ido biyu a kanta. A Satumbar shekarar rikici ya tashi a Oyigbo kusa da Fatakwal, ya sake tashi a Oktoban 2020. Duk dutsen da aka jefa a Sabon Gari, a kan ɗan ci-rani yake sauka, haka kuma wanda aka jefa a can yake sauka kan mai shagon kayan gyara a Sabon Gari. Shi ya sa makon zaɓe tasha ke cika ta ɓangarorin biyu, motoci su yi Arewa da namu, su yi Kudu da nasu. Lokacin da ƙuri'a ta fi daraja shi ne lokacin da masu ita suke kan hanya.

Amsa ta biyu ita ce ta fi damuna, don ba ta da alaƙa da tsoro. A Inugu na zauna da samari da yawa, a masallacin Owerri Road da wajen New Artisan da Gariki: masu kayan gwari, masu turin baro, masu gyaran takalmi, masu canji. Ban taɓa ganin mutane masu bin siyasa kamarsu ba. Da asuba rediyo na kunne, da dare waya na hannu. Za su lissafa maka wa ya sauya sheƙa a Kano, wa ya yi wa wa butulci a Jigawa, wa zai gaji wa a Katsina. Ana gardamar Kwankwasiyya da Gandujiyya har a kusa ba hammata iska. Wata rana na tambayi wani abokina mai lemo, wanda ya shekara tara a garin, sunan kansilan mazaɓar da yake kasa kayansa. Ya dube ni ya ce, "Malam, ai wannan nasu ne." Na ce katinka fa? Ya ce yana gida a cikin akwatin tsohuwa. Na ce za ka je zaɓe? Ya ce in an samu mota.

Ba a samu ba. Kun tuna Fabrairun 2023, canjin kuɗi, ga tsadar mai, mutum da kuɗinsa a banki ba shi da na shayi. Shi da abokan kwanansa suka wuni a ɗaki ranar 25 ga wata suna bin sakamako a waya. Ba su yi zaɓe a can ba, ba su yi a gida ba.

Alƙaluma suna goyon bayan abin da na gani, ko da ba su tabbatar da shi ɗari bisa ɗari ba. Hukumar zaɓe ta yi wa mutum miliyan 93.4 rajista kafin 2023. Matasa 'yan 18 zuwa 34 su ne kusan kashi 40 cikin ɗari, sama da miliyan 37, ɗalibai kuma su ne rukunin sana'a mafi girma, wajen miliyan 26. Amma waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 ba. Kwankwaso ya samu ƙuri'a 997,279 a Kano. A Inugu da Anambra da Ribas kuwa, duk da jajayen hulunan da ke kasuwannin shanu da na kayan miya, bai kai 2,000 ba a kowace ɗaya. Na san za a ce wasu Atiku suka yi, wasu Tinubu, wasu ma Obi saboda Datti ko saboda zaman lafiya da maƙwabta. Haka ne. Amma a Anambra Obi ya kwashe wajen kashi 95, a Inugu kusan haka, abin da ya rage wa sauran duka bai taka kara ya karya ba. Ko yaya ka juya lissafin, yawan mutanenmu da ke waɗannan garuruwa bai fito a akwati ba.

Kuma kada a ɗauka masu garin suna cika rumfuna har baƙo ya rasa tasiri. A zaɓen gwamnan Anambra na Nuwambar 2021, lokacin da dokar zaman gida ta Litinin ke kan ganiyarta, kusan kashi 10 na masu rajista ne suka fito. A Ribas masu rajista sun haura miliyan 3 da rabi a 2023, ƙuri'un shugaban ƙasa da aka ƙirga ba su kai dubu 600 ba. Peter Mbah ya ci gwamnan Inugu a watan Maris da tazarar 'yan dubbai kaɗan. A wurin da ake cin gwamna da irin wannan tazara, al'ummar da ta yi rajista a wuri ɗaya ta fito tare ba abar rainawa ba ce.

Abin da ya maye gurbin ƙuri'a shi ne ziyarar mubaya'a. Gab da zaɓe za ku ga hoton shugabannin al'ummar Arewa sun je gidan gwamnati, an sa wa ɗan takara babbar riga da rawani, an ce dukanmu muna bayanka. Wani lokaci a samu mataimaki na musamman guda ɗaya, ko kujerun Makka, ko shinkafar azumi. Ba na zagin dattawan nan, don su ne ke zuwa ofishin 'yan sanda da tsakar dare in an kama yaro, su ne ke neman filin maƙabarta, su ne ke tsayawa tsakani in rikici ya taso. Amma ɗan siyasa ya iya lissafi. Ya san rawani ba ya shiga akwati. Ranar da za a tayar da kasuwa ko a rushe rumfuna, sai a tarar babu kansila ko ɗaya da zai rasa kujerarsa saboda hakan. Dokar rage shekarun takara da aka sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018 ta sauko da majalisar jiha da ta wakilai zuwa shekara 25, amma yaron da aka haifa a Asata, yana jin Ibo kamar ruwa, in katinsa na Gumel ne ko kansa ba zai iya zaɓa ba.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa: ai ba za su taɓa bari ba. Wataƙila. Mun ga yadda aka tsorata Ibo a wasu rumfunan Legas a zaɓen gwamna na Maris 2023, mun kuma san abin da kujerar ciyaman ta jawo a Jos ta Arewa a 2008. Neman kujera a garin da ake kiranka baƙo yana da farashi, kuma ba ni da bakin ce wa mai turin baro ya biya shi alhali ni ina zaune a ɗakin karatu. Amma akwai tazara mai yawa tsakanin neman ciyaman da mayar da katinka rumfar da ke kusa da inda kake kwana, abin da dokar zaɓe ta halatta, kuma ana iya fara shi ta intanet duk lokacin da aka buɗe rajista. Sannan kafin mu tuhumi Inugu, mu ƙirga kansiloli nawa 'yan Sabon Gari muka bari suka ci a Kano da Zariya, mu da muke ƙyashin ba haifaffen garinmu sakataren ƙungiyar ɗalibai.

Da yawanku baɗi ko baɗin waccan za a tura ku bautar ƙasa, wasu Gabas za su faɗa, wasu su ne za su riƙe rumfuna a 2027. Ina roƙon wanda ya je ya samu dattawan unguwa ya zauna da su da na'urar ɗaukar murya, musamman waɗanda suka ga 1966 da idonsu, don sun kusa ƙarewa. Wanda kuma kakansa ko mahaifinsa ya zauna Anacha ko Fatakwal ko Inugu kafin yaƙi, ko akwai tsohon katin NEPU ko NCNC ko rasiɗin haraji a gidansu, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Hutun zangon nan zan koma gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Inugu in nemi bayanan zaman majalisar birnin na 1956 zuwa 1958, ina so in ga unguwar da Altine ya wakilta da sunayen waɗanda suka ɗaga masa hannu.

Shi kuwa abokina mai lemo mun yi waya shekaranjiya. Ya yi aure da Sallah, ya kawo amaryar Inugu, sun kama ɗaki a Ugwuaji. Na tambaye shi kati, ya ce har yanzu yana akwatin tsohuwa.